Launin alƙalamin insulin: Abin da yake faɗa wa mai ciwon sukari da abin da yake ɓoye masa

Duk wanda ya leƙa firjin babban kantin magani a titin Ahmadu Bello ko a kewayen Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna, zai ga kwalaye a jere, a cikin kowanne akwai wasu 'yan sanduna masu kama da biro. Wani ruwan toka ne, wani shuɗi, wani kansa ruwan lemo, wani kore. Alƙaluman insulin ke nan, waɗanda masu ciwon sukari ke yi wa kansu allura da su a gida ko a ofis ko a rumfar kasuwa.

Mutane da dama sun ɗauka launin nan ado ne kawai, irin wanda ake zaɓa idan za a sayi rigar waya. Alhali kamfanonin da ke ƙera su sun sanya shi ne domin kada mai amfani da alƙalami biyu ya ɗauki na rana a madadin na dare, kuskuren da kan iya kai mutum ga suma cikin barci.

Sai dai akwai wata magana da ba kasafai ake samun sukunin yi wa majinyaci ita ba a ranar ganin likita, lokacin da layi ya yi tsawo: launukan ba su da ma'ana guda a wurin duk kamfanoni. Koren wannan kamfani daban, koren wancan daban. Launi yana taimaka wa ido, amma sunan da aka rubuta a jikin alƙalamin da lambar ƙarfinsa su ne shaidar da ake dogara da ita.

Batun ya shafi gidaje masu yawa. Ƙididdigar da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya, wato IDF, ta fitar a 2021 ta nuna cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya.

Me ya sa mutum ɗaya ke riƙe alƙalami biyu?

Insulin sinadari ne da wata gaɓa mai suna fankiriyas, wadda ke kwance a bayan tumbi, take samarwa. Aikinsa shi ne buɗe wa sukarin da ke yawo a jini hanyar shiga tsoka da sauran sassan jiki domin ya zama ƙarfi. Jikin mai lafiya yana sakin sa ta hanya biyu: kaɗan-kaɗan dare da rana ba tsayawa, sannan da yawa a lokaci guda duk sa'ad da abinci ya shiga ciki.

Masu nau'i na ɗaya na ciwon sukari jikinsu ya daina samar da shi, ba su da rayuwa sai da allura. Masu nau'i na biyu kuma da yawansu kan kai ga buƙatarsa bayan shekaru, idan ƙwayoyin sha suka gaza. Domin a kwaikwayi hanyoyin nan biyu na jiki ne aka yi insulin iri-iri.

Akwai mai saurin aiki, kamar NovoRapid da Humalog da Apidra, wanda ke kama aiki cikin minti 10 zuwa 20 ya gama cikin kimanin awa biyar. Da abinci ake yin sa. Akwai mai gajeren zango, kamar Actrapid da Humulin R, wanda ke jiran rabin awa kafin ya fara. Akwai matsakaici, kamar Insulatard da Humulin N. Akwai mai dogon zango, kamar Lantus da Levemir da Toujeo da Tresiba, wanda ke aiki a hankali kusan yini da kwana, shi Tresiba ma yana wuce awa 42. Sai kuma gauraye, kamar Mixtard 30 da Humulin 70/30 da NovoMix 30, wanda aka haɗa mai sauri ko mai gajeren zango da matsakaici a wuri ɗaya.

A ƙaddara likita ya rubuta wa mutum yunit 24 na mai dogon zango kafin barci, da yunit 8 na mai sauri kafin kowane abinci. Idan hannunsa ya faɗa kan alƙalamin rana da daddare, ya murɗa 24 ya tsira, to ya zuba wa jikinsa ninki uku na abin da yake yi wa kwanon tuwo, ga shi ba abinci a ciki, ga shi zai kwanta. Wannan ne haɗarin da launi ya zo ya tare.

Daga kwalba zuwa aljihun gaba

A 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka yi aikin da ya kai ga samun insulin a Jami'ar Toronto da ke Kanada. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson allurarsa. Daga nan duniya ta yi sama da shekara 60 tana zuƙo shi daga kwalba da sirinji, har zuwa 1985 lokacin da kamfanin Novo na ƙasar Denmark ya fito da alƙalami na farko mai suna NovoPen.

Da gangan aka yi shi da siffar abin rubutu. Mai ciwon sukari yana buƙatar allura a tsakiyar harkokinsa, ba kullum a ɗakinsa ba. A garuruwanmu kuwa, inda shaye-shaye ya sa ake yi wa sirinji kallon zargi, ba kowa ne zai iya fito da kwalba da allura a gaban abokan aiki ba. Ma'aikaci a Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da ke Kawo, ko ɗan kasuwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, yana iya saƙala alƙalaminsa a aljihun kaftani kusa da biro, ya keɓe minti ɗaya ya yi allurarsa, babu wanda ya sani. Wannan rufin asiri ne babba, kuma yana cikin abubuwan da ke sa mutum ya daina tsallake allurar rana.

Amma kamar da ta ɓoye alƙalamin daga idon jama'a, ita ce kuma take iya ɓoye wani alƙalami daga ɗan'uwansa. Galibinsu tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, suna ɗauke da mililita 3, wato yunit 300. Kowanne yana da murfi, da wurin ɗaura bakin allura, da 'yar taga mai nuna lamba, da maɓallin dannawa a ƙarshe. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Launuka ukun da aka yi ittifaƙi a kansu

Ga tsofaffin nau'o'in insulin, waɗanda aka yi su daidai da na jikin ɗan Adam, akwai tsarin launi da IDF da manyan kamfanoni suka amince da shi. Mai gajeren zango rawaya ne. Matsakaici kore ne mai haske. Gaurayen da ke da kashi 30 na mai gajeren zango da kashi 70 na matsakaici kuma ruwan ƙasa ne.

Shi ya sa kwalin Actrapid da na Humulin R duka suke da rawaya duk da cewa kamfanoninsu daban ne, haka Insulatard da Humulin N suke da kore, Mixtard 30 da Humulin 70/30 suke da ruwan ƙasa. Wanda ya saba da waɗannan zai iya gane aikin kowanne daga nesa. Kada kuma lambobin su rikita mai saye: Mixtard 30 da Humulin 70/30 ma'auninsu ɗaya, wani kamfani ya ambaci kashi 30 kaɗai, wani ya fara da 70.

Inda ittifaƙin ya tsaya

Sababbin nau'o'in da aka fara fitarwa daga tsakiyar shekarun 1990 ba su shiga wannan tsari ba. Kowane kamfani ya zaɓi launukansa, yana kula da kada kayansa su yi kama da juna, ba tare da la'akari da na maƙwabcinsa ba.

A wurin Sanofi na Faransa, Lantus ruwan toka ne da maɓalli shunayya. Apidra shuɗi ne da maɓalli shuɗi mai duhu. Toujeo fari-fari ne da koren maɓalli. A wurin Novo Nordisk, alƙaluman FlexPen jikinsu shuɗi ne mai duhu, takardar jiki da maɓalli ne ke bambanta su: NovoRapid ruwan lemo, Levemir kore, NovoMix 30 shuɗi. A wurin Eli Lilly na Amurka, Humalog yana da zane ruwan zoɓo, Humalog Mix25 rawaya, Mix50 ja.

Idan aka jera su wuri ɗaya sai matsalar ta fito fili. Kore yana nufin Insulatard, yana nufin Levemir, yana nufin Tresiba, yana nufin maɓallin Toujeo, alhali magunguna huɗu ne da tsawon aikinsu ya sha bamban. Shuɗi a hannun Sanofi mai sauri ne zalla, a hannun Novo Nordisk gauraye ne. Rawaya a kan Actrapid mai gajeren zango ne, a kan Mix25 gauraye ne. Hatta sinadari ɗaya yana iya zuwa da riga biyu: wanda ke cikin Lantus mai shunayya, shi ne Eli Lilly ke sayarwa da sunan Abasaglar, da koren zane.

Saboda haka duk wanda ke haɗa alƙalamin wani kamfani da na wani, ko wanda aka sauya wa kamfani saboda tsada ko ƙarancin kaya, dole ne ya sake karatun launi daga farko.

"Sayo mini mai jan kai"

Akwai wani tarko kuma da ke cikin harshenmu. A maganar yau da kullum Bahaushe yana tattara launuka da yawa a ƙarƙashin fari da baƙi da ja. Ruwan lemo ja ne a bakin mutane da dama, ruwan zoɓo ja ne, ruwan ƙasa ma wani lokaci ja ake ce masa. Shuɗi mai duhu kuwa sau da yawa baƙi ake kiran sa. Kalmar kore ita kanta, a wurin masu rini da manyan riguna, suna ce ta rigar da ta sha baba har ta yi baƙi tana ƙyalli.

To, idan dattijo a Unguwar Sarki ya aiki jikansa kantin magani ya ce a sayo masa "mai jan kai", wanne yake nufi? NovoRapid ko Humalog ko Mix50 ko Mixtard? Duk huɗun suna iya amsa wannan suna.

Masu sayar da atamfa da shadda sun daɗe da gano maganin wannan. Ba sa yarda da kwatancen baki idan ana neman yadin da zai dace da wani, sai su ce a kawo ƙyalle. Ƙyallen mai ciwon sukari shi ne tsohon kwalin maganinsa, ko hoton kwalin a waya, tare da takardar likita. Da su ake zuwa kanti, ko mutum da kansa ko ɗan aike. Kuma kantin da ke da masanin harhaɗa magunguna mai lasisi da firji mai aiki ake nufa, domin insulin ba ya cikin magungunan da doka ta yarje wa ƙananan kemis su sayar.

Ido da duhu

Launi sai da ido da haske, kuma mai ciwon sukari yana iya rasa duka biyun a daidai lokacin da yake buƙatarsu.

Ciwon da ya daɗe yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na can bayan ido, yana kuma gaggauta zuwan yanar ido. Duka biyun suna dusashe launi, musamman bambancin shuɗi da kore, tun kafin mutum ya lura ganinsa ya ragu. Mazauna Kaduna suna da Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa a Mando, kuma shawarar likitoci ita ce mai ciwon sukari ya kai idonsa a duba aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da ba ya jin komai.

Shi kuwa haske, kowa ya san halin wutar lantarki. Allurar dare takan faɗo a lokacin da aka ɗauke wuta, mutum ya gaji, yana lalube da fitilar waya. A watan azumi abin ya fi tsanani, domin likita kan sauya lokacin allura da adadinta, ga sahur ana yin sa da magagin barci.

Shi ya sa wasu kamfanoni suka ƙara alamar da yatsa ke ji. Maɓallin Apidra, alal misali, yana da zobe mai tudu a kansa wanda na Lantus ba shi da shi. Mutum ma yana iya yi wa kansa irin wannan alama: ya naɗa wa alƙalamin dare robar nan da ake ɗaure kuɗi da ita, ya bar na rana haka. A jikin alƙalamin ake naɗawa, ba a murfi ba, domin murfi yana iya komawa kan wani. A kuma kula kada robar ta rufe suna ko tagar lamba. Mafi sauƙi duka shi ne raba musu mazauni: na dare a ɗakin kwana, na rana inda ake cin abinci.

Inda mutum ke da zaɓi

Alƙaluma iri biyu ne. Akwai wanda ke zuwa da maganinsa a ciki, idan ya ƙare a yar. Shi wannan launinsa na kamfani ne, mai saye ba shi da ta cewa. Akwai kuma wanda ake sake wa 'yar kwalba duk lokacin da ta ƙare, yana yin shekaru a hannu. A nan ne ake da zaɓin launi. NovoPen 4 yana zuwa da shuɗi da ruwan azurfa. NovoPen Echo, wanda ke iya auna rabin yunit domin yara, yana zuwa da ja da shuɗi. HumaPen Savvio na Eli Lilly shi ma an yi shi da launuka daban-daban.

Abin lura shi ne, launin irin wannan alƙalami ba ya faɗin komai game da abin da ke cikinsa. Jan alƙalami yana iya ɗaukar mai sauri yau, gobe a sa masa mai dogon zango. Don haka mai amfani da insulin iri biyu ya sayi launi biyu mabambanta, ya tsayar wa kowanne aikinsa, kada ya taɓa musanyawa. Kafin ya rufe, ya karanta sunan da ke jikin 'yar kwalbar. Kuma kwalbar kowane kamfani da alƙalaminta, ba a tilasta ta shiga na wani.

Ga yaro ko matashi, barin sa ya zaɓi launin da yake so ba wasa ba ne. Abin da mutum zai riƙa tsira wa jikinsa sau uku ko huɗu a rana, gara ya zama wanda ba ya jin kunyar fito da shi a makaranta.

A gidan da maigida da uwargida duka suke allura, bambancin launi da rubuta suna a jiki wajibi ne. Ba a aron alƙalami ko da an sauya bakin allura, domin jini yana iya komawa cikin kwalbar ya ɗauki ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki daga wani zuwa wani.

Kamannin ruwan da ke ciki

Bayan launin riga, akwai kamannin maganin kansa. Matsakaici da gauraye fari ne kamar madara, kuma yana kwantawa idan ya zauna. Sai an murza shi a tafin hannu an kuma juya shi sama da ƙasa kamar sau goma-goma, a hankali ba da jijjiga ba, har ya haɗe. Wanda ya tsallake wannan, yau zai sami mai ƙarfi gobe ya sami mai rauni daga alƙalami ɗaya.

A da ana koyar da cewa garai-garai mai sauri ne, mai madara kuma mai jinkiri. Wannan ƙa'ida ta rushe tun shekarar 2000 da Lantus ya fito, domin shi garai yake kamar ruwan sha alhali mai dogon zango ne. Haka Levemir da Toujeo da Tresiba. Wanda ya yi shekaru da tsohuwar ƙa'idar a kansa ya kamata ya ajiye ta.

Idan wanda ya kamata ya zama garai ya yi gurɓi ko ya sauya launi, ko mai madara ya yi gudaji ko ya manne a jikin kwalba, to ya lalace. Wanda ya daskare a firji shi ma ya tashi aiki ko da ya narke. Sai dai zafi yana iya rage wa insulin ƙarfi ba tare da ido ya ga komai ba. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara amfani da shi galibi yana yin mako huɗu a ƙasa da digiri 30, wasu nau'o'in shida ko takwas, kamar yadda takardar cikin kwali ta nuna. A watannin Maris da Afrilu zafin Kaduna yana wuce haka, ballantana a cikin mota ko ƙarƙashin kwanon rumfa.

Inda babu tabbacin wuta, randa tana taimakawa, haka ma dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a kanta. A ƙulle alƙalamin a leda tukuna, domin idan takardar jiki ta jiƙe ta goge, shaidar ta tafi.

Lambar da ta fi launi muhimmanci

A jikin kowane alƙalami akwai lambar ƙarfi. Yawanci 100 ce, wato yunit 100 a kowace mililita. Amma Toujeo 300 ne, duk da cewa sinadarinsa ɗaya da na Lantus, sannan Tresiba da Humalog suna da mai 100 da mai 200. Tagar alƙalamin tana nuna yunit ɗin da zai shiga jiki daidai, ba a buƙatar lissafi. Haɗarin yana zuwa ne idan alƙalami ya ƙi aiki, mutum ya ga asarar maganin da ya saya da tsada, ya sa sirinji ya zuƙo. Wanda ya yi haka da mai 300 zai sami ninki uku na abin da yake zato.

Masu amfani da kwalba ma suna da nasu launin. Sirinjin insulin mai ƙarfin 100 murfinsa ruwan lemo ne, na mai ƙarfin 40 kuma ja ne, launuka biyun da baki ɗaya ke kira ja. Wanda ya zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 ya tsaya a lamba 10, yunit 25 ya ɗiba.

Kasuwa tana sauyawa, jabu yana shigowa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kamfanoni uku, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, su ke riƙe da sama da kashi 90 cikin 100 na kasuwar insulin ta duniya. Duk motsin da suka yi sai ya taɓa majinyaci a Kaduna. A ƙarshen 2023 Sanofi ya sanar cewa daga Fabrairun 2024 wani kamfani ne zai riƙa rarraba masa magunguna a Najeriya. A 2024 majinyatan asibitocin gwamnati da dama a Afirka ta Kudu sun koma kwalba da sirinji saboda ƙarancin alƙaluma. Faɗuwar darajar Naira tun daga watan Yunin 2023 ita ma ta tura mutane neman mai sauƙin kuɗi, irin su Basalog da Glaritus na kamfanonin Indiya, ko kuma wanda 'yan'uwa ke kawowa tsaraba daga Saudiyya ko Masar.

Kowane sauyi yana zuwa da sabon launi, wani lokaci da sabon suna. NovoRapid ɗin da muka sani, a Amurka NovoLog ake kiran sa. Abin da ba ya sauyawa shi ne sunan sinadarin da ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙarƙashin babban suna, kamar glargine ko aspart ko lispro. Ya kamata kowane majinyaci ya haddace nasa.

Sannan ba duk mai siffar alƙalami ne insulin ba. Ozempic, wanda ake ba masu nau'i na biyu kuma wasu ke nema don rage ƙiba, wani magani ne daban da ake yi sau ɗaya a mako. A watan Oktoban 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi amfani da jabunsa, inda hukumomi suka ce alamu sun nuna insulin ne a ciki. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun wannan magani. Launi da takardar mannawa su ne abu mafi sauƙin kwaikwayo ga maha'inci. Don haka a duba lambar rajistar NAFDAC a kwali, a kuma tabbata lambar rukuni da ranar ƙarewar aiki da ke jikin alƙalamin sun yi daidai da na kwalin.

Idan kuskure ya auku

Wanda ya gano ya yi mai sauri a madadin na dare, kada ya kwanta kuma kada ya tuƙa mota. Ya sanar da wani a gidan, ya ci abinci mai sitaci, ya riƙa gwada sukarinsa a kai a kai na tsawon awa biyar zuwa shida, ya kuma kira likitansa ko ya nufi asibiti. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko ƙasa da 3.9 a na'urorin da ke amfani da ƙananan lambobi, ko ya ji rawar jiki da zufa da bugun zuciya da jiri, ya sha ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba mai sukari, ya sake gwaji bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti mafi kusa, a tafi da alƙaluman duka biyu domin likita ya gani.

Wanda ya yi na dare a madadin na abinci kuwa, kada ya ƙara wata allura da ra'ayin kansa. Ya nemi shawarar likita, ya sa ido kan sukarinsa har washegari.

Rigakafin duka bai wuce daƙiƙa biyar ba. Kafin a ɗaura bakin allura, a kai alƙalamin gaban haske, a karanta suna, a dubi lambar ƙarfi, a dubi ruwan ciki. A rubuta ranar da aka buɗe shi a jikinsa. Wanda ganinsa ya raunana ko bai yi karatun boko ba, a samu mutum ɗaya a gidan da zai san sunan maganin ya riƙa duba masa.

Akwai nauyi kuma a kan ma'aikatan lafiya, daga Barau Dikko zuwa Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada da Babban Asibitin Kawo, da masu kantunan magani. Duk ranar da aka miƙa wa majinyaci alƙalamin da ba irin wanda ya saba ba, ya cancanci a buɗe kwalin a gabansa, a faɗa masa sunan da Hausa ko da harshen da yake ji, a nuna masa wanne ne na abinci wanne ne na barci, sannan a ce ya maimaita. Idan ya amsa da launi kaɗai, to bayanin bai kammala ba tukuna.